Masu Hura Wa Tukunyar Dalma Wuta

A wani ƙaramin gari mai suna Saguache, can cikin tsaunukan jihar Colorado ta Amurka, akwai wata 'yar jarida da ke fitowa mako-mako, sunanta Saguache Crescent. Mutanen garin ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, labaran jaridar kuma na gida ne: wane ya rasu, majalisar gunduma za ta zauna ranar kaza, za a yi gwanjon kaza. Abin da ya kai sunanta nesa shi ne yadda ake haɗa ta. Mai ita, Dean Coombs, wanda ya gaje ta kaka da kakanni, yana zama ne gaban wani inji da aka sayo tun wajen 1920, yana taɓa maɓallai, a gefensa kuma tukunya ce cike da narkakkiyar dalma. Duk layin da mai karatu zai gani a shafi, sai da aka fara zuba shi da ƙarfe. An daɗe ana kiran wannan jarida ta ƙarshe a Amurka da ake haɗawa da irin wannan inji mai suna Linotype. Tana da 'yar'uwa a garin Vervins na arewacin Faransa, Le Démocrate de l'Aisne, wadda ita ma ta ƙi rabuwa da dalma.

Wanda ya taso ya tarar da waya a hannu zai ce wannan ai wahalar da kai ce. Ta fuskar kuɗi da sauri yana da gaskiya, babu mai ja da shi. Sai dai na daɗe ina bin labarin mutanen da ke riƙe da waɗannan injuna, kuma abin da na fahimta shi ne ƙarfen ba shi ne ke cikin haɗari ba. Ƙarfe zai iya shekara ɗari biyu a ɗaki yana jira. Abin da ke ƙarewa a gaban idonmu shi ne hannun da ya san injin da kunnen da ya san kukansa. Kafin a gane haka kuwa dole a fara sanin wace irin matsala injin ya zo ya warware, da yadda ya warware ta.

Tun da Gutenberg ya fito da haruffan ƙarfe a birnin Mainz na Jamus wajen 1450, har ƙarshen ƙarni na 19, aikin jera rubutu bai sake zani ba. Mai jera haruffa yana tsaye gaban akwati mai gurabe da yawa, yana tsintar harafi ɗai-ɗai yana jerawa a juye. In layi ya kusa cika sai ya dinga cusa 'yan siraran ƙarafa tsakanin kalmomi har ya cika tam. In an gama bugawa kuma wahala ta biyu ta taso: a warware shafin, a mayar da kowane harafi gurbinsa, domin da su za a yi aikin gobe. Injin bugawa shi kam ya yi gaba tun tuni. Tun 1814 jaridar The Times ta Landan ta fara bugawa da ƙarfin tururi. Aka wayi gari injin na iya fitar da dubban kofe a awa guda, amma yana zaune yana jiran yatsun ɗan Adam.

Masu ƙirƙira da yawa sun gwada sa'arsu, kuma kusan dukansu tunani ɗaya suka yi: a ƙera injin da zai kwaikwayi hannun mai jera haruffa, ya tsinta, ya jera, ya mayar. Mafi shahara cikin waɗanda suka faɗi shi ne injin James Paige, mai sassa kusan 18,000, wanda marubucin Amurka Mark Twain ya zuba dukiyarsa a ciki har ya tsiyace. Injin yana aiki, sai dai bai cika yin nisa ba tare da wani abu ya tsinke ba. Guda ɗaya ne ya rage a duniya, yana ajiye a gidan Twain da ke Hartford.

Ottmar Mergenthaler ya bi ta wata hanya dabam. An haife shi a ƙauyen Hachtel na Jamus a 1854, gyaran agogo ya koya, ya tafi Amurka a 1872 yana ɗan shekara 18, daga baya ya zauna a Baltimore. Tunaninsa shi ne: me zai sa a yi ta fama da mayar da haruffa? A jera mazubai kawai, wato ƙarafan da aka lotsa siffar haruffa a jikinsu, a zuba layin gaba ɗaya sabo fil, a buga da shi, in an gama a jefa shi cikin tukunya ya narke. A watan Yulin 1886 aka fara aiki da injinsa a jaridar New York Tribune, sunan Linotype kuma daga Turancin "layin haruffa" ya samo asali. Mergenthaler bai daɗe yana cin moriya ba. Ya yi ta rigima da masu jarin kamfanin, tarin fuka ya kama shi, ya rasu a 1899 yana da shekara 45. Injin nasa kuwa ya yi kusan shekara 90 yana riƙe da jaridun duniya.

Yadda yake aiki ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan ne duk soyayyar masu riƙonsa take. Injin ya haura tan ɗaya a nauyi, tsayinsa ya kai mita biyu. A gabansa akwai maɓallai 90: ƙananan haruffa a hagu, manya a dama, lambobi da alamomin rubutu a tsakiya. A samansa akwai wani faffaɗan rumbu na tagulla da ke kishingiɗe, mai hanyoyi a jere, kowace hanya cike da mazuban harafi ɗaya. Mazubi ɗan falle ne na tagulla wanda aka dankara siffar harafi a gefensa, ta lotsa ciki. Da mai aiki ya taɓa maɓalli, sai mazubi ɗaya ya silalo, bel ya kawo shi ya tsaya kusa da ɗan'uwansa. Ba a dukan waɗannan maɓallai kamar na tafireta, shafa su ake yi, kuma ƙarar faɗowar tagullar kamar ta ruwan sama ce a kan kwano.

Tsakanin kalma da kalma injin yana saka wani abu da ni a ganina ya fi komai hikima a jikinsa. Weji ne, irin dai wanda yaron mota ke cusawa ƙarƙashin taya, amma siriri, falle biyu masu zamewa a jikin juna. In layi ya kusa cika, mai aiki ya tura shi, sai wani ƙarfe ya bugo wejin duka daga ƙasa lokaci guda. Kowanne ya buɗe daidai da ɗan'uwansa, har layin ya matse bango da bango. Aikin da mai jera haruffa ke yi da ido da lissafi, ga shi an gama shi da bugu ɗaya, babu lissafin komai.

Daga nan layin mazuban zai tsaya a bakin wani ramin zubi, tukunya ta matso ta manne ta baya, famfo ya danna, narkakken ƙarfe ya kutsa. Ƙarfen gauraye ne: wajen kashi 84 cikin 100 dalma, wajen 12 sinadarin antimoni, wanda a Hausa ake dangantawa da tozali, sauran 4 kuma kuza, irin wadda ake haƙa a Jos. Dalma ce jiki, antimoni ke ba shi tauri da kaifin baki, kuza ke sa ya kwarara ya shiga kowane lungu na harafi. Zafin tukunyar yana tsakanin digiri 280 da 290 a ma'aunin Salshiyos. Nan take ƙarfen ke daskarewa, wuƙaƙe su aske shi, sai sandar layi ta faɗo cikin tire tana ƙyalli, da zafinta.

Saura mayar da mazubai, wato inda su Paige suka sha kashi. Wani dogon hannu ne ke saukowa daga sama ya ɗauki layin ya kai shi ƙololuwar injin. Kowane mazubi yana da tsaga a kansa mai haƙora bakwai a kowane gefe, an cire wasu an bar wasu, kuma tsarin haƙoran kowane harafi dabam yake da na saura, kamar dai yadda makulli ke da nasa yanka. Mazuban suna tafiya a rataye jikin wata sanda mai zara-zara, wadda aka yanke zararta a wurare daban-daban. Duk mazubin da ya iso daidai bakin hanyarsa, sai haƙoransa su rasa abin kamawa, ya faɗa gida. Babu lantarkin da ke gane harafi, babu ƙwaƙwalwa, siffar ƙarfe ce kawai ke karanta siffar ƙarfe. A kowane lokaci layi uku ne ke yawo cikin injin: ana jera ɗaya, ana zuba ɗaya, ana mayar da ɗaya. Da haka mutum guda ya koma yana yin aikin mutum huɗu ko biyar.

An jera maɓallan ne bisa yawan fitowar haruffa a Turanci, shi ya sa sahu biyu na farko daga hagu suke ba da etaoin da shrdlu. Tun da ba a iya goge kuskure cikin sauƙi, in mai aiki ya ɓata layi sai ya ja yatsa a kan waɗannan sahu ya cike shi, ya sake bugawa, da nufin a jefar da ɓataccen. Wani lokaci a manta, sai masu karatu su wayi gari su ga "etaoin shrdlu" a tsakiyar labari.

Wannan tsari ya sa ni tunanin harshenmu. Hanya ɗaya a rumbun ba ta ɗaukar fiye da mazubai ashirin ko kusa da haka, har sai da masu ƙera injin suka ƙara wa harafin e hanya ta biyu saboda yawansa a Turanci. A Hausa kuwa harafin a ne sarki. Ɗauki kowane layi na wannan rubutu ka ƙirga, sannan ka tuna layi uku ne ke yawo lokaci guda. A lissafina, mai buga Hausa da rumbun da aka shirya don Turanci zai riƙa tsayawa yana jiran a ta dawo daga sama. Ga kuma ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda suka samu gindin zama a rubutun boko a shekarun 1930, daidai lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. A zamanin dalma harafi ba ya samuwa sai wani ya zana shi, wani ya sassaƙa shi a bakin ƙarfe, an dankara shi a tagulla, an biya kuɗi, an yi jigilarsa. Harafin da ba shi da maɓalli kuwa da hannu ake tsoma mazubinsa cikin layi. Mu da muke ƙorafi yau in waya ta ƙi ba mu ƙ, gadon wannan tsohuwar matsala muke ɗauke da shi.

Larabci ya fi shan wuya, kuma wannan ya shafi duk mai ƙaunar ajami. Harafi ɗaya yana iya ɗaukar siffa huɗu gwargwadon inda ya faɗo a kalma, maɓallai kuma 90 ne kacal. Salloum Mokarzel na jaridar Al-Hoda a New York yana cikin na farko da suka sa Linotype ya yi Larabci, a farkon shekarun 1910. A shekarun 1950 kuma Kamel Mrowa, mai jaridar Al-Hayat ta Beirut, ya haɗa kai da kamfanin aka rage yawancin haruffa zuwa siffa biyu domin su shiga rumbu ɗaya. Wannan sauƙaƙaƙƙen salo ya mamaye jaridun Larabawa, har idon mutane ya saba da shi. Inji ne ya tanƙwara rubutun al'umma guda, kuma tanƙwarar ta zauna ko bayan injin ya tafi.

Linotype yana da kishiya, Monotype, wanda Tolbert Lanston ya ƙirƙiro a Amurka amma ya fi yin ƙarfi a Ingila, inda masana'antarsa take a Salfords. Shi inji biyu ne. Na farko maɓallai ne da ke huda doguwar takarda mai gurabe 31, na biyu kuma yana karanta hujin da iska mai ƙarfi, yana zuba harafi ɗai-ɗai daga wani ɗan akwati mai mazubai 225. Sai an kai ƙarshen layi ake sanin yawan tazarar da za a raba tsakanin kalmomi, don haka injin zubin daga ƙarshen takardar yake fara karatu, yana komawa farko. Tun da kowane harafi zaman kansa yake yi, ana iya cire ɗaya a gyara ba sai an sake layi ba. Jaridu suka riƙe Linotype saboda sauri, maɗaba'un littattafai irin na jami'o'in Oxford da Cambridge suka riƙe Monotype saboda kyau da iya jera rubutun lissafi. Salon rubutun Times New Roman, wanda kowane ɗalibi ke buga aikinsa da shi yau, don dalma aka zana shi, ya fara fitowa a 1932.

Faɗuwar ta zo da sauri. Injunan haɗa rubutu da haske a kan fim sun fara shigowa tun shekarun 1950, kwamfuta ta biyo baya. Jaridar New York Times ta yi bankwana da dalma da fitowarta ta 2 ga Yulin 1978, kuma wani mai duba kurakuran jaridar, David Loeb Weiss, ya ɗauki wannan dare a fim. A Landan abin ya zo da rikici: a watan Janairun 1986 Rupert Murdoch ya kwashe jaridunsa zuwa Wapping, aka kori ma'aikata fiye da 5,000, aka shekara ana zanga-zanga. Wata ƙungiya da ba a cika tunawa da ita ba su ne kurame. Makarantun kurame a Amurka sun daɗe suna koyar da aikin ɗab'i, ƙarar ɗakin injuna ba ta dame su ba, kuma manyan jaridu sun ɗauke su da yawa da albashi mai kyau. Su ma wannan ƙofa ta rufe musu. Injunan kuwa dubbai aka farfasa da guduma aka auna a sikeli aka sayar wa 'yan gwangwan.

Waɗanda suka tsira, yawanci wani ne ya ji ba zai iya kallo ba. Tun a 1978 ɗin, wani maɗabi'i mai suna Rich Hopkins ya tara masu sha'awar zubin haruffa a garin Terra Alta na jihar West Virginia, suka kafa ƙungiyar da har yau take taro, daga baya ma ya riƙa koyar da Monotype a wurinsa. A ƙauyen Denmark na jihar Iowa an yi shekaru ana shirya makarantar 'yan kwanaki ta koyon Linotype. Akwai gidan tarihin ɗab'i a Haverhill na jihar Massachusetts, wanda ke riƙe da ɗimbin zanen haruffan kamfanin Mergenthaler, akwai wani a Carson na California, akwai na Leipzig a Jamus inda injunan ke aiki a gaban baƙi. A San Francisco kuma tsohuwar ma'aikatar zubin haruffa ta M&H, wadda aka kafa a 1915, tana ci gaba da zuba wa maɗaba'ar Arion haruffan littattafanta, tana kuma ɗaukar almajirai. Ban da waɗannan, akwai ɗaiɗaikun mutane da suka cusa inji a garejin gida: tsofaffin ma'aikatan jarida, injiniyoyi, masu zane, matasan da suka gaji da kallon allo.

Samun inji ma ba shi ne wuya ba. Sau da yawa kyauta ake bayarwa, in dai za ka zo ka ɗauka kafin a rushe ginin. Ɗaukar ce jidali, domin sai an nemi motar ɗaga kaya, wani lokaci a cire ƙofa ko a fasa bango, sannan a tabbatar daɓen da za a ajiye shi zai iya ɗauka. Kayan gyara babu mai ƙerawa, saboda haka duk mai inji ɗaya da ke aiki, za ka tarar yana da wani a gefe da yake cirar sassa a jikinsa, kamar yadda bakanike ke ajiye mushen mota. Tsofaffin littattafan koyarwa na kamfanin an ɗora su a intanet, kuma wannan ya taimaka ƙwarai.

Amma littafi ba ya faɗa maka komai. In tukunya ta yi zafi da yawa sandar layi za ta fito da rami a ciki, ta murƙushe a ƙarƙashin injin bugawa. In ta yi sanyi, fuskar haruffa ta fito dishi-dishi. Ƙarfen da ake ta narkarwa yana rasa kuzarsa a cikin dattin da ake kwashewa daga sama, sai an riƙa yi masa ƙari. Man inji ba ya zuwa kusa da mazubai, ɗigo ɗaya ya isa ya sa su maƙale a rumbu. In layi bai matse sosai ba kuma na'urar tsaro ta yi sakaci, dalma za ta yi tsartuwa ta tsakanin mazubai, ta daskare a jikin inji, wani lokaci ta sami hannu ko ƙafar mai aiki, shi ya sa tsofaffin ma'aikata da yawa ke da tabo. In inji ya tsaya cak a tsakiyar zagaye, sabon shiga zai so ya tilasta shi, nan kuwa ake karya abin da ba a sayarwa a ko'ina. Gwani yakan kashe wutar injin, ya juya injin baya da hannu a hankali, yana saurare. Tun kafin abu ya lalace yake jin sautin ya canza. Irin wannan sani a da shekaru ake ɗauka ana koyonsa, a wasu wurare har shida, a ƙarƙashin wanda ya riga ka. Wanda ya gama koyo a 1975 yana ɗan shekara ashirin, yau ya kai saba'in.

Duk mai karatun da ya ji kalmar dalma zai tuna da Zamfara da yaran da gubarta ta kashe a 2010, kuma ya kamata ya tuna. Zafin tukunyar Linotype bai kai ya mayar da dalma hayaƙi mai yawa ba, haɗarin yana cikin ƙura da dattin saman tukunya da cin abinci da hannun da ba a wanke ba. A da madara ake raba wa ma'aikata a wasu ƙasashen Turai da zaton tana kare su, alhali ba ta karewa. Masu hankali cikin masu riƙon injunan yau suna sa mazuƙar iska, suna wanke hannu, suna gwada jini, kuma ba sa barin yara kusa da shara. Wanda ya yi wasa da wannan ba gwaninta ya nuna ba, kuma yana ɓata wa sauran suna.

Babbar damuwa ita ce mazubai. Duk zagayen da mazubi ya yi yana ɗan cinyewa. Bangon gefensa siriri ne, in ya lotsa dalma na shiga, sai a riƙa ganin wasu siraran layuka kamar gashi tsakanin haruffa a shafi. Masana'antun da ke buga na Linotype sun rufe, abin da ya rage shi ne abin da ke hannun mutane, ana musaya ana saye a tsakanin juna. Yin sabo kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, domin Linotype ɗin kansa bai yiwu ba sai da Linn Boyd Benton ya ƙera injin sassaƙa tambarin harafi a 1885, kuma wannan ma sana'a ce mai zaman kanta da nata gwanaye. Na Monotype sun fi daɗewa. A unguwar Stockwell ta Landan, cibiyar Type Archive ta riƙe injunan asali na Salfords, wasu dattawan da suka yi wa kamfanin aiki tun suna samari suna ci gaba da buga sababbin mazubai ga mai bukata. A 2022 aka sanar da rufe wurin, aka kwashe kayan zuwa ma'ajiyar gidan tarihin kimiyya da ke Wroughton. Kayan suna nan lafiya, an lissafa su, ruwa ba ya taɓa su. Dattawan kuma kowa ya koma gida da abin da ke kansa. Wannan labari ya daɗe yana ci mini rai.

A nan ne masu adana kayan tarihi da masu aiki da su suke saɓani, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Mai adanawa yana cewa duk ranar da aka kunna inji an rage masa kwana, in mazubin wani salo ya ƙare ya ƙare ke nan har abada, kuma haƙƙin jikoki ne su tarar da abin yadda yake. Ba na raina wannan magana. Ya dace a ware wasu injuna da wasu cikakkun rumbuna a ajiye, kada a taɓa. Amma in aka ce duka za a yi wa haka, ni ina tare da masu hura wuta. Linotype da ke tsaye shiru bayan igiya ba ya koya wa kowa komai, tarin baƙin ƙarfe ne mai ban tsoro. Hikimarsa tana cikin motsi: faɗowar mazubi, bugun weji, saukowar dogon hannun nan. Wanda ya je Ƙofar Mata a Kano ya san bambancin karofin da ake rini a cikinsa da ramin da aka bari ya bushe. Ramin yana nan, amma wanda ya san yadda ake haɗa baba da toka, ya kuma san ranar da ruwan ya nuna, shi ne marinar.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne masu riƙon injunan ba su tsaya kukan zamani ba. Wasu sun samar musu abin yi da ke kawo kuɗi: katin gayyatar aure, littattafan waƙoƙi 'yan kofe kaɗan, sunayen da ake dankarawa da ruwan zinariya a bangon littafi. Masu saye suna biyan tsada domin suna son su shafa takarda su ji harafi ya lotsa. Wasu kuma sun ɗaura wa tsoho da sabo aure. Takardar hujin Monotype ta yi wuyar samu, sai masu fasaha a Scotland da Amurka da Poland suka haɗa injin zubin da kwamfuta, ita ke buɗe iska tana rufewa a madadin hujin. A gidan tarihin fasahar littafi da ke Łódź, da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi aka yi wannan aiki. Akwai masu ganin haka gurɓata gado ne. Ni ban gan shi haka ba, tun da takardar Lanston mai gurabe 31 da ma umarni ne da aka rubuta wa inji da huji da rashin huji, kuma tukunya da mazubi da hannun mai lura da su duk suna nan yadda suke.

Matasan da ke zuwa koyo ba su da yawa, amma suna zuwa, mata ma a cikinsu, abin da ƙungiyoyin ma'aikatan da ba su cika yarda da shi ba. Wanda ya zo yana ɗokin zama gaban maɓallai yakan tarar ba daga nan ake farawa ba. Tukunya tana ɗaukar awa guda ko fiye kafin dalma ta narke, kuma a cikin wannan awar dattijo zai zare wejin nan duka ya zube masa a kan wani allon katako mai laushi, ya barbaɗa garin bakin fensir, ya nuna masa yadda ake goge kowanne har tabon jiya ya fita. Kullum ake yi, kafin a zuba layin farko.